Jirgin Baƙo da Ma'anar Kariya a Mulkin Mallaka

A shekarar 1892 sarakunan gaɓar Tekun Fasha, irin su na Dubai da Sharja, suka sa hannu a yarjejeniya cewa ba za su ƙulla hulɗa da wata daula ba sai Ingila. Tun daga nan, duk jirgin yaƙin Faransa ko Rasha da ya ratso yankin sai ya tayar wa Turawan Ingila hankali.

A shekarar nan kuwa, wani hafsan Faransa, Mizon, ya hauro Binuwai da jirage biyu, ya taya Sarkin Muri Muhammadu Nya yaƙin Kona. Kamfanin Neja, mai da'awar ƙasar, ya ƙwace masa jirgi a 1893.

Abin lura shi ne, kariyar Turawa takan fara da raba sarki da ikon saukar baƙo.