Darasin Kasuwanci: Sayar Da Kayan Hannu Ta Shafukan Talla Da Na Gwanjo

Cinikin kayan da aka riga aka yi amfani da su, wato kayan hannu, tsohuwar sana'a ce a Nijeriya. Kasuwar Ladipo ta kayan gyaran mota a Legas, da Computer Village ta Ikeja, da Ƙofar Wambai da Farm Centre a Kano, duk suna da kaso mai tsoka na irin wannan ciniki. Abin da ya sauya shi ne wurin da mai kaya da mai saye suke haɗuwa, domin a yau mutum yana iya sa motarsa ko wayarsa a kasuwa daga ɗakinsa ta hanyar intanet. Sai dai da yawa daga masu yin haka suna kukan cewa ana yi musu tayin wulaƙanci, ko kuma kayan su yi makonni babu wanda ya kula. Darasin wannan karon zai duba dalilin haka da kuma maganinsa.

Matsalar da ke gindin cinikin

Bambancin sabon kaya da na hannu shi ne, a na hannu mai sayarwa ya san abin da mai saye bai sani ba. Shi ya san ko wayar ta taɓa faɗawa ruwa, ko kuma an taɓa sauke injin motar. Wani masanin tattalin arziki na Amurka, George Akerlof, ya yi nazarin wannan matsala a shekarar 1970 bisa misalin kasuwar tsofaffin motoci, kuma aikin yana cikin abubuwan da suka sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 2001.

Ga yadda bayanin yake. A ƙaddara cewa waya mai lafiya ta kai Naira 100,000, mai matsala kuma Naira 40,000, amma mai saye ba ya iya bambance su daga hoto. Domin ya kare kansa, sai ya taya a tsakiya, wato Naira 70,000. Mai waya mai lafiya zai ce albarka ya janye kayansa, mai waya mai matsala kuwa zai sallama da murna. Sannu a hankali sai kaya masu kyau su yi ƙaranci a kasuwar, masu saye su ƙara rage tayi, har a wayi gari kowa ya yi asara. A kasuwar gargajiya dillali ne yake toshe wannan giɓi, saboda yana sa sunansa da mutuncinsa a kan kayan, shi ya sa ake ba shi la'ada. A intanet kuwa, nauyin ya koma kan mai kaya da kansa. Saboda haka babban aikin mai sayarwa shi ne ya rage shakkar mai saye, domin shakkar nan ita ce take cin farashi.

Shafukan talla

Hanya ta farko ita ce ta shafukan talla, waɗanda suka gaji ƙananan tallace-tallacen da jaridu suke bugawa a shafukansu na baya. Craigslist, wanda Craig Newmark ya fara a birnin San Faransisko a 1995, yana cikin na farko. A Nijeriya an kafa Jiji a Legas a 2014, kuma a 2019 ya karɓi harkokin OLX na Nijeriya da Ghana da Kenya da Tanzaniya da Uganda. Kamfanin Facebook ma ya buɗe sashensa na Marketplace a 2016.

A irin waɗannan shafuka mai kaya yana sa hoto da bayani da farashi, mai saye kuma ya kira shi a waya su daidaita. Galibi sa talla kyauta ne, sai wanda yake son tallarsa ta hau sama ne yake biya. Abin lura shi ne, aikin shafin ya tsaya ga haɗa mutane biyu. Ba ya riƙe kuɗi, ba ya duba kaya, ba ya kuma ɗaukar hasarar kowa. Wannan hanya ta fi dacewa da kayan da farashinsu sananne ne, ko masu nauyi da sai an gani da ido, kamar mota, firji, janareta da kujeru.

Shafukan gwanjo

Hanya ta biyu ita ce gwanjo, inda masu saye suke yin takara har lokacin da aka ɗiba ya cika. Pierre Omidyar ne ya kafa mafi shahararsu a 1995 da sunan AuctionWeb, wanda aka mayar eBay a 1997. Abu na farko da aka sayar a shafin shi ne wani ɗan alƙalamin nuni mai fitar da haske wanda ya lalace, a kan Dala 14.83, kuma an faɗa wa mai sayen cewa ya lalace kafin ya biya. A nan gida, Hukumar Kwastan ta Nijeriya ta fara gwanjon kayan da ta kama ta intanet a 2017.

A tsarin eBay, mai saye yana rubuta iyakar abin da zai iya biya a ɓoye, sai kwamfuta ta riƙa ƙara masa tayi kaɗan-kaɗan. Alal misali, an buɗe gwanjo a kan Naira 50,000, ana ƙara Naira 1,000 a kowane mataki. Mutum na farko ya sa iyakarsa Naira 80,000, na biyu kuma Naira 95,000. Na biyun ne zai ci, amma Naira 81,000 zai biya. Ma'ana, tayin wanda ya zo na biyu shi ne yake yanke farashi. Darasin da ke nan ga mai sayarwa shi ne, gwanjo ba ya amfani sai in akwai aƙalla mutum biyu da suke son kayan da gaske. Don haka ya fi dacewa da kayan da ba a cika samu ba, kamar tsofaffin agoguna, kuɗaɗen da, ko kayan gyaran na'urar da aka daina ƙerawa. Wanda yake tsoron faɗuwa yana iya sa mafi ƙarancin farashin da ba zai sallama ƙasa da shi ba. Haka kuma wajibi ne ya cire kason da shafin yake ɗauka da kuɗin aika kaya kafin ya ƙirga ribarsa.

Yadda ake rage shakkar mai saye

Na farko, a faɗi aibu tun a cikin talla. Wanda ya rubuta cewa an sauya gilashin wayar, ya kuma nuna tabon da ke jikinta a hoto, ya ba mai saye dalilin yarda da sauran bayanansa. Aibun da aka ɓoye kuwa yakan fito ranar haɗuwa, a lokacin da mai saye yake da ikon karya farashi yadda ya so.

Na biyu, a ɗauki hoton kayan na ainihi da rana, ta kowace fuska, kada a ari hoton kamfani.

Na uku, a tanadi shaidar mallaka. Kowace waya tana da lambar IMEI mai alƙaluma 15, wadda take fitowa idan aka danna *#06#, kuma ya kamata ta dace da ta jikin rasit ko kwali. Mota tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, sannan akwai takardun kwastan da na rajista. Wannan kariya ce ga kowane ɓangare, domin dokokin Nijeriya suna hukunta wanda ya karɓi kayan sata da saninsa.

Na huɗu, a gina suna. Tun 1996 eBay ya ba masu ciniki damar rubuta ra'ayinsu a kan junansu, sauran shafuka ma sun bi sahu. Ɗan kasuwar da yake riƙe da suna ɗaya da lambar waya ɗaya shekara da shekaru yana tara irin amanar da dillali yake tarawa a rumfarsa.

Wajen sa farashi kuma, a duba abin da aka sayar da irin kayan a zahiri, saboda kuɗin da wasu suka rubuta a tallarsu fata ne kawai.

Ranar karɓar kuɗi

Shakka ba ta tsaya ga mai saye kaɗai ba, domin shi ma mai kaya bai san wanda yake ciniki da shi ba. Ɗaya daga cikin zambar da ake yawan yi ita ce ta saƙon banki na jabu, inda ake turo wa mutum sanarwar shigar kuɗi alhali babu abin da ya shiga. Akwai kuma wanda zai ce ya tura fiye da kima bisa kuskure, ya nemi a mayar masa da rara. Ƙa'idar ita ce, kada kaya su bar hannu sai mai su ya buɗe asusunsa ya ga kuɗin da idonsa. A haɗu da rana a wurin jama'a, tare da shaida idan kayan masu tsada ne, sannan a rubuta takardar ciniki mai ɗauke da lambar kayan da sa hannun kowa. Kafin a miƙa waya ko kwamfuta, a fita daga dukkan asusun da ke ciki a kuma goge ta gaba ɗaya.

Idan an yi zamba, a sanar da banki nan take, a kai rahoto ga 'yan sanda ko Hukumar EFCC, tare da hoton talla da saƙonnin da aka yi musaya da lambar asusun da abin ya shafa. Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 ta tanadi hukunci a kan irin wannan zamba, amma bincike yana tafiya ne da shaidar da mai ƙara ya adana.