Itacen Oak Mai Ɓawon Toshiya: Jarin Da Ke Jiran Shekara 43

Kusan rabin ɓawon da ake yin toshiyar kwalba da shi a duniya daga ƙasar Fotugal yake fitowa, akasari daga yankin Alentejo na kudancin ƙasar. Ana samunsa ne daga wani nau'in itacen oak wanda ba ya kaɗe ganye rani da damina, mutanen ƙasar suna kiransa sobreiro.

Abin nazari ga mai sha'awar tattalin arziki shi ne tsawon jira. Ba a saɓule ɓawon farko sai itacen ya kai kimanin shekara 25, kaurin gindinsa ya kai santimita 70. Wannan ɓawo yana da kaushi, niƙa shi ake yi don shimfiɗar ɗaki da makamantansu. Daga nan doka ta hana sake taɓa itacen kafin shekara 9. Sai a saɓa ta uku, wato wajen shekara 43, ake samun ɓawon da ya isa yin toshiya mai tsada. Yuro 100 da aka juya bisa ribar kashi 5 cikin 100 a shekara zai haura 800 a wannan tsakani. Ke nan wanda ya shuka ba don aljihunsa ya shuka ba. Sai dai itacen kan rayu shekara 200, a girbe shi wajen sau 15.

To, da me manomi ke riƙe gida? Ba a cunkusa itatuwan, ana barin fili a tsakaninsu domin kiwon tumaki, shanu da aladu, waɗanda ke cin ciyawa da 'ya'yan itacen. Amma dabbobin nan su ne abokan gabar ƙananan shuka, dole a kewaye su har su tasa.

Yawancin kulawar kame hannu ce. Garma mai zurfi tana datse saiwoyi, ta buɗe wa cutar ruɓewar saiwa ƙofa, musamman a shekarun fari. Saɓar ɓawo kuwa daga Mayu zuwa Agusta ake yinta, da ɗan gatari, kuma sara ɗaya da ya wuce ƙa'ida yana barin tabon da zai rage darajar girbi na gaba. Shi ya sa masu wannan aiki ke cikin ma'aikatan gona mafi tsada a ƙasar. Idan an gama sai a rubuta lambar ƙarshe ta shekarar da farin fenti a jikin itacen: wanda aka saɓule a 2024 yana ɗauke da lamba 4, ba za a koma masa ba sai 2033.