Kada Matatar Imel Ta Riƙa Share Muku Wasiƙa a Ɓoye

Aikina shi ne kafa imel ga makarantu da ƙungiyoyin manoma da ƙananan ofisoshi a kudancin Kano, daga Rano zuwa Kibiya har cikin Fassi. Kusan ko'ina adireshi ɗaya ne ke ɗauke da komai: sanarwar banki, takardar neman aiki, saƙon hukumar jarrabawa, ga kuma tulin wasiƙun 'yan damfara. Shi ya sa nake ba da shawarar a ɗora dokokin tacewa a kan saba, wato kwamfutar da ke karɓar wasiƙa kafin ta iso wayarku. Dokar da ke kan kwamfutar ofis sai an kunna kwamfutar take aiki. Ita kuwa saba ba ruwanta da an ɗauke wuta a Fassi.

Akasari da harshen Sieve nake rubuta waɗannan dokoki. An fitar da ƙa'idojinsa a 2001, aka sabunta su a 2008, kuma da gangan aka taƙaita ikonsa, ba kamar Procmail na 1990 ba, wanda zai iya tayar da kowace manhaja a kan saba. Layi uku zuwa huɗu sun isa a ce: wasiƙar banki ta tafi jakar akanta, ta masu neman gurbin karatu ta tafi wurin shugaban makaranta. Manhajar SpamAssassin kuma tana ba kowace wasiƙa maki, wadda ta kai 5 a yi mata alamar shakku.

Inda nake so ku buɗe ido shi ne umarnin discard. Wannan umarni yana hallaka wasiƙa ne shiru. Ba ta shiga kwandon shara, ba a gaya wa mai aikowa, ku ma ba za ku ji labari ba. An taɓa kirana zuwa wata makaranta da ke kukan saƙonnin banki sun daina zuwa. Da na buɗe kundin da saba ke rubuta shige da ficen wasiƙu, ga su nan layi-layi, kowanne da ranarsa da lokacinsa, sun iso lafiya an share. Wanda ya kafa musu tsarin ya gaji da 'yan 419, sai ya rubuta cewa duk wasiƙar da ta ambaci biyan kuɗi a jefar. Niyyarsa mai kyau ce, amma iyaye sun sha zarya da rasidi a hannu, akanta yana rantsuwa bai ga komai ba.

A ganina ƙaramin ofis ba shi da dalilin amfani da discard ko kaɗan. A sa umarnin fileinto, a tara abin da ake shakka a jaka ɗaya, a ɗora wa mutum ɗaya alhakin leƙa ta duk mako. A kuma lura da jerin dokokin, don daga sama saba ke karantowa, kuma idan ta ci karo da umarnin stop ba ta duba na ƙasa.

Sunan mai aikowa ma ba abin dogaro ba ne, ƙirƙirarsa ba wuya. Gara doka ta dogara da sakamakon binciken SPF da DKIM, waɗanda ke tabbatar da inda wasiƙa ta fito. Masu son a karkatar musu da komai zuwa Gmail kuma su sani cewa karkatarwa kan lalata SPF, ga shi tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗan karɓar wasiƙa.

Akwai kuma dokar karkatarwa da aka manta da ita a kan saba: ma'aikaci ya bar aiki, amma kwafin wasiƙun ofis na ci gaba da zuwa adireshinsa, alhali Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora wa ofis nauyin tsare bayanan mutane. Ku sa mai kula da imel ɗinku ya buga muku dokokin a takarda, ya karanta muku su da Hausa ɗaya bayan ɗaya, ya nuna muku duk inda aka rubuta discard ko redirect, wato umarnin karkatarwa.