Ciwon Damuwa a Gidan Aure: Abin da Ɗakin Awo Yake Nunawa a Ƙasar Dutsi

A ƙananan asibitocin ƙasar Dutsi, kamar sauran garuruwan shiyyar Daura, da wuya matar aure ta zauna gaban ma'aikaciyar lafiya ta ce zamanta da mijinta ne ya hana ta sukuni. Abin da aka saba ji shi ne kai yana sara, ƙirji yana bugawa, barci ya ƙaurace, ko kuma wani abu yana yawo a jiki, sai a auna jini a ga babu zazzaɓin cizon sauro, a ba ta maganin ciwon kai ta tafi, bayan mako biyu ta dawo da kukan da ta zo da shi. Tarbiyyar kunya da kara, wadda ta koya wa 'ya mace cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ita ce take sa nauyin zuciya ya fito ta hanyar jiki, domin ciwon jiki ne kawai za ta ambata ba a ce ta tona asirin aurenta ba.

Wajibi ne a bambanta ɓacin rai na yau da kullum da ciwon damuwa. Saɓani a kan cefane, ko rabon kwana tsakanin kishiyoyi, ko kewar miji da ya tafi ci-rani bayan an gama girbi, duk suna sosa rai, amma sukan lafa idan an zauna an fahimci juna. Ciwon damuwa kuwa, a ma'aunin likitoci, shi ne baƙin ciki ko mutuwar sha'awar abubuwan da mutum ya saba jin daɗinsu, wanda ya zarce mako biyu kusan kullum, tare da rikicewar barci da cin abinci, da kasala, da ganin kai ba shi da wani amfani, har aikin gida da sana'a su gagara. Wannan ciwo ne da yake da magani, kuma abin takaici ne yadda ake yi masa fassarar raki ko ƙarancin tawakkali.

Lokacin jego ya fi kowane lokaci buƙatar sa ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 tana fama da matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, mafi yawa ciwon damuwa. Al'adar goyon ciki, wato komawar mace gidan iyayenta don haihuwar fari, da kulawar da ake ba mai jego har ta yi arba'in, kariya ce babba da ya kamata a riƙe. Sai dai hankalin masu kula yakan tafi ga wanka da kunun kanwa da ruwan nono, a manta da tambayar yadda zuciyarta take. Mai jegon da ta daina fara'a, take zubar da hawaye ba dalili, ko take ƙin ɗaukar jaririnta, akan ce da ita: "Ki yi haƙuri, kowace mace haka ta yi." Haƙuri abu ne mai daraja, amma idan an faɗe shi kafin a saurara, bakin mai ciwo kawai yake rufewa. Ma'aikaciyar da ta sallami 'yan rakiya, ta rage murya ta ce, "'Yar'uwa, yaya barcinki, kuma wa kike faɗa wa damuwarki?" takan ji abin da awo bai nuna ba.

Maza ma ba su tsira ba, sai dai nasu yakan fito a matsayin saurin fushi, da daɗewa a majalisa don gudun gida, wani lokaci da shan ƙwaya, musamman idan damina ba ta yi kyau ba kuma bashi ya taru. Maigidan da ya san haka, ya kuma zauna ya saurari iyalinsa ba tare da katse ta da nasiha ba, ya riga ya yi wani ɓangare na jinyar.

Addu'a da ruƙiyya ba sa karo da zuwa asibiti, amma jingina komai ga iskoki ko sammu yana jawo jinkiri mai haɗari. Mai jegon da ta fara sambatu, ko take jin muryoyin da babu su, ko duk wanda ya ambaci cewa gara ya mutu, to a kai shi asibiti a ranar, kada a bar shi shi kaɗai. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP domin horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane irin waɗannan cututtuka, su kuma tura masu tsanani gaba, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano da Barnawa a Kaduna. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi kare mutuncin mai jinya da sirrinsa, kuma wannan tabbaci na sirri shi ne abin da ya kamata ma'aikaci ya fara gaya wa matar da take tsoron kada maganarta ta koma kunnen uwar miji ko kishiya.