Gamayyar Zafin Nama da Rainon Jarumi a Wasannin Burauza: Nazari a kan Realm of the Mad God

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi wani rukuni na wasannin kwamfuta da ake bugawa kai tsaye a burauza, waɗanda suka haɗa zafin naman wasannin jefa-kwabo da tsarin rainon jarumi. An ɗauki Realm of the Mad God a matsayin misali. Nazarin ya gano cewa jigon wasan shi ne yadda ya sasanta tarawa da asara.

1.0 Gabatarwa

Kalmar "wasa" a Hausa tana da faɗi, domin ta ƙunshi langa da dara da tashe da wasan kwaikwayo. Manazarta al'ada sun yi aiki a kan waɗannan, sai dai wasannin intanet su ma suna buƙatar nazari da kalmomin fannu. A nan an yi amfani da rabe-raben Roger Caillois, masanin Faransa da ya kasa wasa gida huɗu a 1958: gasa, da sa'a, da kwaikwayo, da jiri. Gasa da kwaikwayo su ne suka shafi wannan maƙala.

2.0 Tushen Salailan Biyu

Wasannin jefa-kwabo su ne na akwatunan da ake zura wa kuɗi kafin a buga, irin su Space Invaders na 1978 da Pac-Man na 1980, dukkansu daga Japan. An tsara su ne don ɗan wasa ya faɗi da wuri ya sake biya, saboda haka abin da suke nema shi ne saurin ido da na hannu. Da zarar rayuka sun ƙare, sai a koma farko.

Salon rainon jarumi kuwa ya samo asali daga Dungeons & Dragons, wasan tebur da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. A nan ɗan wasa yana shiga rigar wani tauraro ne, ya riƙa tara masa ƙarfi da makamai sannu a hankali. Salo na farko gasa ce ta ɗan lokaci. Na biyu kwaikwayo ne mai buƙatar haƙuri. Manhajar Flash da dandali irin su Newgrounds da Kongregate ne suka bai wa ƙananan masu ƙirƙira damar gwada haɗa su.

3.0 Realm of the Mad God

Kamfanin Wild Shadow Studios ne ya fitar da wasan a 2011. Ɗan wasa yana zaɓar tauraro, kamar matsafi ko maharbi ko mayaƙi, yana tafiyar da shi da madannai, yana harbi da linzamin kwamfuta, yana kauce wa ruwan harsasai daga dodanni. Wannan shi ne gadon jefa-kwabo. A lokaci guda tauraron yana hawa mataki har zuwa na 20, yana tsintar makamai da magungunan ƙarin ƙarfi, yana haɗa kai da sauran 'yan wasa don fuskantar Oryx, babban maƙiyi. Wannan kuma gadon rainon jarumi ne.

Abin lura shi ne mutuwa a wasan ba ta da gyara. Tauraron da aka kashe ya tafi ke nan, tare da duk kayan da ke jikinsa. Abin da ke saura shi ne kayan da aka adana a taska, da makin shahara da ake samu bayan mutuwar. Ta haka tarawa take ƙara wa asara nauyi: gwargwadon wahalar da aka sha a kan tauraro, gwargwadon fargabar kowane harsashi. Akwai kuma maɓallin da ke mayar da ɗan wasa sansanin aminci nan take, don haka sanin lokacin gudu ya zama ƙwarewa. Bahaushe ma ya ce gudu da waiwaye shi ke kawo mugun zato, amma a nan wanda ya ƙi gudu shi ke tafka asara.

4.0 Kammalawa

A ranar 31 ga Disamba 2020 kamfanin Adobe ya daina tallafa wa Flash. Realm of the Mad God ya tsira saboda an sake gina shi a kan manhajar Unity, amma ya bar burauza. Wasu wasannin kuwa sai a taskar Flashpoint ake samun su. Wannan ya nuna cewa wasan intanet yana iya salwanta kamar yadda wasan dandali ke salwanta idan aka daina yin sa. Saboda haka maƙalar tana ba da shawarar manazarta Hausa su shigar da wannan fanni cikin nazarin wasanni, su kuma daidaita kalmominsa.