Marainiyar Maƙwabta: In Kai Ƙara Ko In Yi Shiru?

TAMBAYA: Akwai wata marainiya 'yar shekara 8 da maƙwabtanmu ke riƙo. Sau biyu ina ganin ƙuna a tafin hannunta, kuma duk ranar da talla ya yi kwantai, a zaure take kwana ba abinci. Ban taɓa ganin abin da ake yi mata da idona ba. In kai ƙara, ko in kame bakina kada a ce na shiga sharo ba shanu?

Wata uwa daga Janbako

AMSA: 'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri da kika damu da yarinyar nan, domin ɗa na kowa ne.

Ba sai kin gani da idonki ba. Bincike aikin hukuma ne, naki shi ne ki faɗi abin da kika gani. Tsawatarwa daban, azabtarwa daban. Ƙuna mai maimaituwa, horon yunwa da kwanan zaure sun wuce tarbiyya. Abin da kika lissafa ya isa a kai ƙara yau.

Doka na bayanki. Nijeriya ta yi dokar 'yancin yara a 2003, jiharku ta Zamfara kuma ta samu tata dokar kare yara a 2022.

Ki fara jan yarinyar a jiki, ki saurare ta ba tare da kin cusa mata magana a baki ba, ki riƙe ranakun da kika ga raunukan. Kada ki tunkari uwar riƙon, don kan yarinyar za a huce. Ki nemi mai unguwa ko liman ya raka ki ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, ko Hisba, ko 'yan sanda, ki roƙi a sakaya sunanki. In an yi miki burus, akwai ma'aikatar mata a Gusau.

Idan kuwa akwai alamar fyaɗe, karaya ko zubar jini, asibiti za a fara zuwa, na Maradun ko Talata Mafara. In fyaɗe ne, maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi. Irin wannan laifi ba a kashe shi da sulhun zaure, ko da dattawa sun ce a rufa asiri.

Tsoron ɓacin zumunci gaskiya ne, amma manya na iya shiryawa gobe. Yarinyar kuwa ba uwa ba uba, kuma ke Allah ya nuna wa tafin hannunta.