BINCIKEN ASALIN KAKANNI: INA AKE FARAWA A MAIDUGURI?

GABATARWA

Masu iya magana kan ce waiwaye adon tafiya. Da Barbarci na tashi, Hausa kuwa a kasuwa da makaranta na koye ta. Ban taɓa zaton ina da jinin Hausawa ba, sai ranar da kakata ta ce mini mahaifinta "Afuno" ne, wato Bahaushe, wanda ya fito da niyyar Hajji a ƙafa, guzuri ya ƙare masa a Yarwa, ya yi aure ya zauna. Kafin in sake komawa da littafi da biro, Allah Ya yi mata rasuwa. Wannan maƙala za ta nuna wa ɗalibi hanyoyin gano kakansa da ya zo daga wata ƙasa, tun masu ba da labarin suna raye.

GARIN BAƘI

Maiduguri ba tsohon birni ba ne. Rabeh ya rushe Kukawa a 1893, aka kashe shi a Kusuri a 1900, sannan a 1907 Shehu Garbai ya tare a Yarwa. Ke nan galibin gidajen garin daga wani wuri suka taso. Ga fatake, ga almajirai masu zuwa Gabas neman Alƙur'ani, ga maniyyata masu bin hanyar Chadi da Sudan. Da jirgin ƙasa ya iso a 1964, sai baƙi suka ƙaru.

MATAKI NA FARKO: TSOFAFFI

A fara da gida, musamman tsofaffin mata, domin su suka fi riƙe wa ya auri wa. A je da ladabi da ɗan goro, a nemi izini kafin a ɗauki murya. Kada a tambayi tsoho shekara, a tambaye shi abin da ya faru a lokacin. Idan ya ce a yunwar Kakalaba aka baro gida, to wajen 1914 ne. Idan ya ce shekarar zuwan Sarauniya, 1956 ke nan. Canjin kuɗi zuwa naira kuwa 1973 ne.

MATAKI NA BIYU: HARSHE

Nan ne ɗalibin harshe ya fi kowa makami. A Barbarci, ɗafin "-ri" yana nuna mazauni, shi ya sa muke da Shehuri da Hausari. Unguwar Fezzan kuma ta ci sunan yankin Fezzan na ƙasar Libiya, saboda fataken da suka ƙetaro Sahara. Saboda haka unguwar da kaka ya fara sauka shaida ce.

A kuma lura da laƙabi, irin su Bakano ko Ɗan Katsina, da kirarin gida, da tsagar fuska. Karin harshe ma yana tona asiri. Tsohon da yake cewa "shina zuwa" maimakon "yana zuwa" ya nuna yamma, wajen Sakkwato ko Katsina. Haka nan wasan barkwanci: wanda yake tsokanar Zazzagawa ana kyautata zaton Bakano ne, mai wasa da Yarabawa kuwa Bagobiri.

MATAKI NA UKU: TAKARDU

Bayan ji, sai gani. A duba gefen tsohon Alƙur'ani da kundin malamai, inda ake rubuta haihuwa da rasuwa da ajami. A nemi takardar filin gida, da rasit ɗin haraji, da fasfon Hajji, da hukuncin alƙali kan rabon gado. Mai unguwa da limami sukan san wanda ya sauki baƙo. Wanda ya samu hali ya leƙa Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, inda aka adana rahotannin Lardin Barno na zamanin Turawa, da kuma Gidan Arewa. Duk takardar da aka samu a ɗauki hotonta. Ambaliyar madatsar Alau ta Satumba 2024 ta koya mana cewa akwatin ƙarƙashin gado ba ma'ajiya ba ne.

GARGAƊI

Ba duk abin da aka ji ake rubutawa a matsayin gaskiya ba. Gidaje da yawa suna son danganta kansu da Yaman ko Makka, wasu kuma suna ɓoye kakan da bauta ta kawo. A ji daga baki biyu ko uku, a gwada da takarda. Abin da bai tabbata ba a rubuta "an ce". Abin da zai ta da husumar gado ko ya kunyata wani, a shawarci manya kafin a fitar da shi.

KAMMALAWA

Ni dai har yau sunan mahaifin kakata kawai na sani, garinsu ya tafi tare da ita. 'Yan'uwa ɗalibai, takarda tana iya jira a Kaduna, amma tsoho ba ya jira. A hutun nan, kowa ya zauna gaban kakarsa.